Jirginku Bai Zo Ba, Bangon Inna Ya Tsage

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Shimfiɗa Hanyar Jirgin Ƙasa,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, barka da gajiyar taro, barka kuma da sauka daga tafiyar da muka ji a rediyo ka yi zuwa ƙasar Nasara neman kuɗin jirgi. Allah ya sa an samo. In ma ba a samo ba, Allah ya sa an sha iska.

Sunana Isufu, tela ne ni. Kekena yana bakin babbar kasuwa, gidana yana Bukoki. Asalinmu Damagaram, amma a nan Yamai na yi wayo. Na rubuta da Hausa don faransancina na awon wando ne, bai kai na roƙon manya ba. Na kuma miƙa wa masu jarida ita maimakon in kawo buronku, wato ofishinku, saboda na lura takarda in ta shiga can takan samu makwanci mai daɗi ta ƙi tashi.

Ga abin da ke tafe da ni. Mahaifiyata, Inna, tsohuwa ce makauniya, tana kwana a ɗakin ƙasa wanda bangonsa na gabas ya tsage. Damina ta ƙarato. Kwamitinka kuwa ya hana ni yi wa bangon yaɓe. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Na farko, godiya. A shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, masu awo suka shigo unguwarmu da sanduna masu ja da fari da wani abin leƙe mai ƙafa uku. Suka leƙa, suka leƙa, sannan suka kafa born, wato ɗan turken siminti na shaidar hanya, a tsakar gidana, tsakanin murhu da randa. Suka ce babban jirgi daga Dahome ta nan zai bi, kuma daga tasha za a fidda wani ƙarami mai yawo cikin gari, ya kai mutane kasuwa da bakin gulbi. Wallahi mun yi murna. Matata Hadiza ta rangaɗa guɗa, na sa aka dama wa masu awo fura, maƙwabta suka yi ta shigowa barka kamar an yi mana haihuwa. Da yake na taɓa shiga jirgi a Kano, sai na zama malamin jirgi na unguwa, ina kwatanta wa tsofaffi yadda yake kuka da yadda yake huci. Na faɗi wannan ne don kada gobe wani ya ce Isufu maƙiyin ci gaba ne. Ni na fara tafa wa jirgin nan a Bukoki, tun ba a biya kowa ya tafa ba.

Na biyu, dokarku. Ba a jima ba aka yi shela cewa duk gidan da hanya ta ratsa, ba ƙari, ba sabon gini, ba gyara, har ranar da za a zo a kimanta a biya diyya. Na gane dalili, mu ma ba mala'iku ba ne. Da an bar mu, akwai maƙwabcina da zai tashi bene kafin masu kimantawa su gama karin kumallo. Amma wanda ya rubuta dokar ya haɗa yaɓe da gini ya ɗaure su da igiya ɗaya, nan ne aka kashe mu. Ranka ya daɗe, yaɓe ba ƙari ba ne. Gidan ƙasa kamar dabba yake, sai ana ba shi abinci. Kowace bazara mukan haƙo ƙasa, mu zuba mata ciyawa da kashin shanu, mu tattaka, mu bar ta ta ruɓa, sannan mu tara 'yan uwa mu lulluɓe bango, musamman na gabas inda ruwa ke duka. Abin da damina ta lashe bara shi muke mayarwa bana. In an tsallake shekara bango ya rame, in an tsallake biyu tubali ya fito tsirara. Ban ga laifin mai rubutun ba, a gidan siminti da kwano yake kwana, ruwan sama a wurinsa kiɗa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, abin da ya same ni da na gwada. Bazara ta biyu na ce ai hukuma ma tana da hankali, ba za ta kira yaɓe gini ba. Na kwaɓa ƙasata na lafta wa bangon Inna. Ko bushewa bai gama yi ba sai ga gardi biyu, dogaran gwamnati, aka tasa ni gaba zuwa buro. Wani saurayi mai farar riga, wanda na tabbata na girmi babansa, ya karanta mini laifina da faransanci ya sake fassarawa da tsawa. Ya ce in na kuma, sunana zai fita daga masu diyya, kuma za a duba ko akwai masu zuga ni. Ka san abin da wannan kalma ke nufi a zamanin nan, ni ma na sani, hanyar gidan kaso ce. Aka dawo da ni gida, aka ba ni fartanya, na kankare yaɓen da hannuna, gardi na tsaye, 'ya'yana na kallo. Fartanya kuwa ba ta san sabuwar ƙasa da tsohuwa ba, ta tafi da duka. Na ji kunya ranar nan irin wadda ban taɓa ji ba. Tun daga nan nake zirga-zirga neman izini. Palanton, wato masinjan da ke tsaron ƙofarku, wani dattijo Bazabarme mai kirki, har ya haddace ni. Daga nesa yake ɗaga mini hannu yana cewa kala suru, wato sai haƙuri. Na ci kala suru har ta fara fito mini ta hanci.

Na huɗu, ina jirgin? Ni dai ba ɗan siyasa ba ne, amma tela yana jin labari, don manya sukan manta da mai awo yana da kunne. Mun ji depitocin gabas, wato 'yan majalisarsu, sun ce in ba a fara kai hanya ƙasar gyaɗa ba, ba za su ɗaga hannu ba, tunda gyaɗarsu ke ciyar da baitulmali. Na yamma sun ce ina aka taɓa ganin babban birni ba tasha. Masu kamiyo, manyan motocin kaya, waɗanda ba sa rasa kujera a kowane biki, sun ce me ake ci da jirgi ga motoci. Nasara masu ba da rance sun ce sai an sake nazari, aka sake, suka ce a sake. Ɗan abin da aka samu kuma, an ce an ara an yi dandalin bikin 'yanci da fitilun hanyar baƙi, za a mayar. Madalla, dandalin ya yi kyau, na je na gani, a nan ma aka sake yi mana alkawarin jirgi. Abu ɗaya ne ba ku taɓa fashi a kansa ba: duk lokacin da biki ko zaɓe ya matso, sai an aiko mutum da gwangwanin fenti ya shafe born ɗin nan ja da fari. A gidana kaf, shi kaɗai ke samun yaɓe duk shekara. Har ƙiba yake yi.

Na biyar, jinjina ga hikimar kwamiti. An gaya mana abin da aka tarar a tsaye ranar kimantawa shi za a biya. To, zaure ya fara tafiya, madafa ta bi shi, bara ɗakina ya zauna da tsakar rana muna waje, Allah ya kiyaye. Yanzu ni da iyali muna cikin bukkar zana, yadda mahaifina ya fara kafin ya yi gumin gina ƙasa. Da na zauna na yi tunani sai na ce kai, mutanen nan sun iya aiki! Sun ɗauki damina lebura, ba albashi, ba abinci, tana rushe musu hanya a hankali. Kafin jirgi ya iso, ba abin rushewa, ba abin biya. In da gangan aka tsara haka, wanda ya tsara ya cancanci lambar girma. In kuwa ba da gangan ba ne, to a sani, haka abin ya zama.

Na shida, Inna. Na san za ka ce me zai hana in fitar da ita in sa ta cikin bukka tare da mu. Na gwada, ranka ya daɗe. Ɗakin nan marigayi mahaifina ya gina mata shi da hannunsa, a cikinsa idonta ya tafi. Da tafin hannu ta san shi: ta dafa bango ta kai ga buta, ta dafa ta kai ga ƙofa, ta dafa ta fuskanci alƙibla, ba ta neman kowa. Ranar da na kwana da ita a bukka, ta tashi alwala ta rasa abin dafawa, ta faɗa kan murhu ta fasa goshi. Da gari ya waye ta rarrafa ta koma ɗakinta, ta ce ba mai sake fitar da ita sai a makara.

Ni ɗan farinta ne, ka san al'ada, ba ta kama sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ta bakin Hadiza saƙo ke zuwa, ko da ina zaune a wurin. Ita ce ma ta fara gano tsagar, mu masu ido ba mu gani ba. Ta ce a gaya wa mai keken nan bango ya buɗe baki, yatsa na shiga. Da sanyi ya wuce ta ce a gaya masa yanzu hannu ke shiga har wuyansa, tana jin iskar waje a fuska in ta kwanta. Na tokare azara da itace ta ciki, inda gardi ba zai gani ba, amma itace ba ya hana ruwa shiga tsaga.

Makon jiya ta ji ina faɗa da Hadiza a kan ko in yaɓa ko in bari. Sai ta kira ta, ta ce ki ce wa wancan kada ya kai kansa kaso saboda ni, yana da 'ya'ya. In bangon ya faɗo, ai ƙasa ce, can dama za ni, an rage muku haƙa. Ta faɗa tana dariya. Ni kuwa na fita bayan zana na yi kuka, da furfurata da komai. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Duk sanda iska ta juyo daga gabas sai in tashi in je in duba tsagar.

Saboda haka ga roƙona. Ka sa hannu a layi ɗaya cewa yaɓe ba gini ba ne, ba don ni kaɗai ba, don duk gidajen da born ya sauka a cikinsu. In ana tsoron mu ci riba, a rubuta cewa ba a biyan ko dala a kan yaɓe, na yarda, zan dangwala. In ma diyyar ce gaba ɗaya ke tsone muku ido, ku riƙe ta, ku ƙara a kuɗin nazari na gaba. Ban ce ku fasa jirgi ba. Ranar da na ji kukansa ya doso Bukoki, ni da kaina zan goya Inna in fitar da ita ko tana tsine mini, in ba ku hanya. Amma ba zan ba da uwata ga jirgin da har yau bai bar takarda ba.

Don kada a ce na yi a ɓoye, ina sanar da kai na riga na haƙo ƙasa, na zuba ciyawa, na tattaka, tana nan tana ruɓa a gefen born ɗinku. Da izini ko babu, kafin ruwan farko zan hau bangon nan. Kuna iya aiko gardi, ƙofa ma babu balle in kulle. Sai dai wannan karon ba zan karɓi fartanya ba. Wanda zai kankare ya kankare da hannunsa, kuma kafin ya fara ya shiga ya gaida tsohuwar da ke zaune a bayan bangon, ya gaya mata sunan wanda ya aiko shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tsawon rai har ka ga jirgin nan da idonka. In mahaifiyarka na raye, Allah ya bar maka ita, ya sa ta riƙa jin tsawar hadari tana gyara kwanciya. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isufu Tela,
Bukoki, Yamai.