Mataccen Maɓallin Fiyano

Kafanchan, 4 ga Maris, 1972

Ɗan'uwana Fabian,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya Augustina da yara? Matata Lai'atu tana gaishe ku.

Wani direban jirgi ne ya ba ni adireshinka na Inugu. Shekara shida ban san ko kana raye ba, sai da na zauna a bakin dogo na yi kuka.

Fiyanonka yana nan a kulob ɗin reluwe. Maɓallin nan da ya mutu ma yana nan yadda ka bar shi. Ka tuna dabararmu ta yammacin Asabar? Kana kaiwa kansa sai in hura sautinsa da ƙahona, mutane su ɗauka sabon salon jaz ne. Sau biyu an kawo mai gyara, ina korarsa. Ka dawo, malalaci. Yaƙi ya ƙare.

Naka,
Meshak


Kafanchan, 19 ga Yuli, 1973

Ɗan'uwana Fabian,

Ina fata kuna lafiya, ya damina?

Wasiƙa huɗu na aiko ka yi mini shiru, sai Augustina ce ta amsa. Ta ce yaƙi ya ci yatsu uku na hannunka na hagu, ko a coci aka taɓa fiyano fita kake yi. Na karanta, na kasa cin abinci.

Amma ka ji ni. Wanda ya rufa wa mataccen maɓalli asiri shekara takwas, yatsu uku ne za su gagare shi? Ka buga abin da bakwai za su iya, sauran nawa ne. Na yi maka alkawari, duk inda ka bar rami zan cike shi.

Ni kaɗai ba na iya komai. Ranar Ista na gwada, sai na riƙa tsayawa ina jiranka a tsakiyar waƙa.

Naka,
Meshak


Kafanchan, 2 ga Disamba, 1975

Ɗan'uwana Fabian,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Na ga rubutun hannunka a karon farko. Ka ce wata goma sha huɗu kana koyo da yatsu bakwai saboda alkawarina, kuma za ka shigo jirgin ranar ashirin.

Akwai abin da na ɓoye maka. Bara na faɗi da keke a hanyar Fadan Kagoma, haƙorana huɗu na gaba suka zube. An sa mini na roba, amma da na danna ƙaho a leɓe sai su zame. Iska kawai ke fita, kamar tayar da ta yi faci. Kowace safiya ina gwadawa a bayan gida, har Lai'atu ta daina leƙowa. Na ci gaba da rubuto maka ka zo, don ina tsoron in na faɗa za ka ajiye hannunka. Kunya ta ishe ni, Fabian. Ka gafarta mini.

Jiya na je kulob na ce wa mai gyara ya zo ya gyara maɓallin. Minti goma ya ɗauka.

Zan tsaya a tasha ranar ashirin. In ba ka sauko ba, ba zan ga laifinka ba.

Ɗan'uwanka,
Meshak