Hoton Gundula a Ƙofar Gidana

Asabar, 14 ga Agusta

Sun fara rataya hotunan 'yan takara. Na fito da safe zan ba tattabaruna abinci, sai ga fuskar 'yata Gundula a jikin sandar fitila, daidai ƙofar gidana, kewaye da kore, launin jam'iyyar Koraye. Kore! A mazaɓar da tun bayan yaƙin duniya ba mu taɓa tura kowa majalisar tarayya ba sai ɗan jam'iyyar Jajaye. Babana kan ce a nan ko tsintsiya Jajaye suka tsayar sai ta ci. Ba ba'a yake yi ba, alfahari ne. Mu muka haƙo kwal ɗin da ya ɗumama ƙasar nan, mun kuma san wa ya tsaya mana.

Hoton dai ya yi kyau. Hancin marigayiya uwarta ne sak.

Laraba, 18 ga Agusta

Ban kira ta ba, ita ma ba ta kira ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Asabar, 4 ga Satumba

Ranar kasuwa. Ni da Reinhold, abokin aikina tun muna shiga ramin kwal, muna ƙarƙashin jar lema muna raba wa mata furanni kamar kowane zaɓe. Lemar Koraye tana tsallaken hanya, kusa da mai sayar da kifi.

Reinhold ya zungure ni. "Egbert, wai me ka shayar da yarinyar nan tana ƙarama? Ruwan alayyafo?"

Na ce ya ji da tumbinsa.

Can wani dattijo ya tsaya a gabanta yana kumfar baki, wai su Koraye ne masu cewa kwal guba ne, me ta sani game da rami. Har na ajiye furannin zan tsallaka. Ashe ba ta buƙatata. Ta ce, "Kawu, ni nake riƙe wa kakana kofi lokacin da ƙurar rami ta cinye masa huhu. Ka koya mini komai, amma ban da kwal."

Reinhold ya ce, "To fa. Wannan bakinka ne, ba na aro ba." Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na yi kamar ina gyara lema.

Lahadi, 12 ga Satumba

Ta zo da kek. Mun yi hirar tattabaru, mun yi ta gwiwata. Da za ta tafi ta ce, "Baba, ban zo roƙon ƙuri'arka ba. Na san ta Kaka ce, ajiya ya ba ka."

Na ce, "Da kin je wata mazaɓar, inda za ki iya ci."

"A nan aka haife ni. Ina zan je?"

Maganar ajiyar nan ta tsaya mini a rai. Ni kenan ba ni da tawa?

Asabar, 25 ga Satumba

Wani shaƙiyyi ya zana wa hotonta gashin baki. Na ɗauko tsani na goge. Tsaftar layinmu nake kiyayewa, ba wani abu ba.

Lahadi, 26 ga Satumba

Na sa baƙar kwat ɗita ta zuwa coci, na tafi makarantar firamare inda ake jefa ƙuri'a. Takardar ƙuri'ar gida biyu ce kamar kullum, hagu na ɗan takara, dama na jam'iyya. Tunda na fara zaɓe ban taɓa raba su ba, masu rabawa ma dariya muke musu. Na dama ban ɓata lokaci a kansa ba. Na hagu ne ya zaunar da ni, har matar da ke bayana ta yi gyaran murya.

A bakin ƙofa Reinhold ya ce, "Ja biyu dai, ko?"

Na ce da alama za a yi ruwa.

Litinin, 27 ga Satumba

Jajaye sun riƙe kujerar, na kuma ji daɗi. Gundula ta zo ta uku, amma mutane sun ba ta fiye da abin da suka ba jam'iyyarta. Ta bugo waya tana dariya, muryarta duk ta dishe. Ba ta tambaye ni komai ba.

In Reinhold ya matsa, zan ce hannuna ne ya zame. Sai dai ya san hannun nan. A duhu ma, da injin fasa dutse, bai taɓa zamewa ba.