Hotunan Da Ba A Murmushi

Zuwa ga jikata, amaryata ta ƙasar waje,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ni dai ga ni nan, ƙafa tana gardama, kunne kuma ya yi ritaya. Shi ya sa na ce ki bar waya ki riƙa rubutowa.

Ɗan ƙaramin hotonki na uku ya iso, na jera shi a bakin taga kusa da 'yan'uwansa. Ina da tambaya, kada ki yi mini dariya. Ofishin nan da ke sabunta miki izinin aiki, me yake yi da hotuna haka? Na farkon ɓacewa ya yi? Wa ya hana ki murmushi a ciki? Shi kuma mutumin da takardarki take hannunsa, kin taɓa ganinsa? A zamaninmu in takarda ta kwana, zuwa kake yi ka tsaya a kan akawu har kunya ta kama shi.

Allah ya yi miki albarka.
Tsohon angonki.

*

Kaka, ango mai ran ƙarfe,

Ina gaishe ka, ya jikin? Tambayoyinka sun fi na ofishin yawa! Hoto in ya wuce wata shida sai su ce ya tsufa. Kafin su duba shi, takardar gwajin lafiya ta tsufa. In na sabunta ta, hoton ya sake tsufa. Huɗu ake wanko mini, su karɓi biyu, ragowar kuwa wa zan ba in ba mijina ba? Murmushi an ce yana rikita na'urarsu. Babu akawun da zan tsaya a kansa, Kaka. Lamba ce nake bugawa a waya, ta ce mini ana dubawa. Aikin asibiti lafiya lau. Ga na huɗu nan.

Ka riƙa shan magani.
Amaryarka.

*

Jikata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na'urar da murmushi ke rikitawa, ina son in gan ta kafin in mutu.

Ba ni da abokin hira sai hotunan nan, don haka na sa musu gilashin karatu na duba su a tsanake. A biyun farko kina sanye da farar rigar ɗakin gwajin jini. A na uku babu ita. A na huɗu kumatu sun faɗa, kuma 'yan kunnen kakarki ba sa kunnenki. Ban ce kin yi ƙarya ba, tambaya nake yi: asibitin ya canza riga ne?

Likita ya ce idona na hagu ya kama hanyar na dama da ya riga ya mutu, ba zai daɗe ba. Na tambaye shi ko duhun baƙi ne ko fari, ya ce ni zan ba shi labari.

Kakanki.

*

Kaka,

Ka gafarce ni. Tsohon izinin ya ƙare kafin sabon ya fito, asibiti suka dakatar da ni. Sun ce za su riƙe mini gurbina, amma ban san har yaushe ba. 'Yan kunnen na sayar na biya haya. Dokar ofishin kuma ita ce, in na fita ƙasar kafin amsa ta zo, sun soke neman, duk jiran ya tashi a banza.

Su soke. Zan taho ka gan ni tun idon yana gani. Kalma ɗaya nake jira daga gare ka.

Jikarka.

*

Amarya,

Kada ki zo. Fuskarki na haddace ta tun kina goye, ba ta buƙatar ido. Amma in kika taho suka rufe takardar, zan tafi ban san abin da suke ta dubawa ba, wannan kuwa ba zan yafe miki ba.

Ki zauna har su amsa. Wasiƙa ta gaba ki yi manyan baƙaƙe.

Allah ya tsare.
Angonki.