Tsakanin Waƙa da Waƙa

Magama, Jibiya
Farkon damina

Zuwa ga jikana Mudathir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Ilham da ɗiyar nan taku da har yau ba ku kawo mani na gani ba. Yaya Kano, yaya shagon gyaran waya? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, amma ba mai zuwa gona mai nisa, ka san halin da dajinmu ke ciki.

Malam Faruk da ke cika wa direbobi takardu a tasha ne ke riƙe da biro, ni nake faɗi. Na ce ya sa magana yadda ta fito, kar ya shafa mata mai. Ban kira ka a waya ba don na gaji da maimaita kalma ɗaya kana cewa ba ka ji. Maƙogwaron nan bai sake ni ba tun azumi, magana sai raɗa.

Da ka zo salla ka kwashe kasakasan marigayi Uwaisu mai gangar noma, ka ce za ka zuba su cikin manhajar da ake jin waƙa a waya, duniya ta ji. Na ba ka ban yi musu ba. To duniya ta ji. Direbobin Maraɗi na sa su, ’yan acaba na sa su, har mai shayin da ke kusa da shingen kwastan. Ranar da na fara jin gangar daga cikin wata mota, sai da na dafa benci. Na zauna ina jiran wurina. Uwaisu bai gama baitin ƙarshe ba sai gangar waƙa ta gaba ta kutso daga ƙasa, ta yi ta hawa. Can ƙarƙashinta na ji wani abu kamar mutum na kira daga cikin rijiya. Wannan mutumin ni ne.

Ko ka manta, bari in tuna maka. Uwaisu ke waƙa, yara na amshi, ni ne sanƙira. Kafin gula ta taɓa fata ni ke buɗe fili, in faɗi gonar wa muka zo da wanda ya haife shi. In waƙa ta ƙare ni ke rufewa da kirarin mai gayya. Bakin waƙa da wutsiyarta nawa ne, ba ni da kowane wuri ban da nan. Su ne ka murƙushe.

Na saba da irin wannan. Da aka buga kaset a Maraɗi hoton Uwaisu kaɗai aka sa, ko sunana babu a bayan kwali, har ya koma ga Allah bai ce mani yi haƙuri ba. Ubanka kuwa da ya shiga aikin gwamnati cewa yake ni manomi ne, kunyar a ce ɗan maroƙi yake ji. Daga gare ka ne ban zata ba, kai da ka tashi kana cin gyaɗa daga aljihuna.

Ka raba waƙoƙin nan, kowace ta tsaya da ƙafarta. Ka gaida iyali.

Kakanka,
Ummaru Sanƙira

Magama, Jibiya
Tsakiyar damina

Mudathir,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya kama yarinya ya sauka. A riƙa rufe ta da gidan sauro, sauron Kano ba ya da kunya, kamar mutanenta.

Mujahid direba ya kawo takardarka, Malam Faruk ya karanta mani sau biyu. Na fahimta sarai, rashin boko ba rashin kunne ba ne. Ka ce kai ka tsara jerin waƙoƙin, kuma akwai wani ɗan layi da ake ja da yatsa, daga babu har sakan goma sha biyu, iyakar inda ka ja iyakar yadda wutsiyar wannan za ta shige bakin waccan. Ka ce ka zauna ka daidaita bugun kowace ganga da na mai bi mata, yadda mai saurare ba zai gane inda aka yi ɗinkin ba. Ka ce mutanen yanzu in suka ji shiru ko surutu, yatsa suke sawa su tsallake, wasu ma ba sa dawowa. Surutu ka ce, abokina. Na riƙe wannan kalma.

Ɗinkinka ya yi kyau, ban hana maka ba. Amma ba ka taɓa duƙawa da galma tun hantsi ba. A gayya, muddin ganga na tafiya ba mai ɗaga baya, wanda ya miƙe ya zama abin dariyar ’yan mata har kaka. Sai Uwaisu ya kashe kiɗa tsit, ni kuma in ɗaga murya, sannan maza ke miƙewa, su tofa yawu a tafi, mata su matso da farau-farau. Ina kirarin mai gona, su suna shan iska. In na ga wani dattijo na haki, sai in ƙara jan kirarin har kakan kakan mai gona, ba wanda ya san don shi nake yi. Waƙar da ba ta tsayawa, ai kashe mutane za ta yi. Jerin nan naka da a gona aka sa shi, kafin azahar an ɗauki gawa.

Ka ce yanzu ba manoma ke ji ba, direbobi ne, kuma direba ba ya son abin da zai katse masa tafiya. Na sani. Na je wurin shugaban tasha na ce ya hana sa waƙoƙin har sai an gyara, ya yi dariya ya ce a kawo wa Baba shayi. Ban sha ba.

Abin da ban gaya maka ba a waccan takarda shi ne na je asibiti a Katsina. Sun zura wani abu sun leƙa maƙogwaron, likita ya yi ta zagaye-zagaye, ni na gane. Muryar nan ta tafi ke nan. Ni da nake kira daga Daddara a ji ni a gonakin ƙetare, har jandarma su leƙo su ga ko faɗa ake, yau in ina son ruwa sai na buga kwano. Abin da ya rage mani na murya yana cikin kasakasan nan. Waɗanda suka san ta da kunnensu sun mutu, ko suna gudun hijira.

Ba roƙonka nake ba, na bar roƙo. In ba ka mayar da layin nan kan babu ba, ka dawo mani da kasakasaina, kuma kar ka zo mani salla.

Kakanka,
Ummaru

Magama, Jibiya
Gero ya fara fitar da kai

Jikana Mudathir,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gidanka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ba na yawan faɗin haka, ka adana takardar.

Na ji. Mai shayi ne ya fara kira na, ya ƙara sauti. Ganga ta tsaya cak, sai ga ni, ina da ƙarfina, ina kiran Badaru na Gidan Tsamiya, na bayan rafin Mazanya, mai rumbunan da suka fi ɗakunan kwana yawa, wanda shanunsa suka hana rijiya hutu, uban Zunnuraini magajin garke. Na manta haka muryar take. Wani ɗan duwan, kwastan na Nijar, da ya tsallako sayen goro ya tambaya wane ne wannan, mai shayi ya nuna ni, mutumin ya dube ni ya dubi wayar, bai yarda ba. Ban damu ba.

Kar ka ce na ɓoye maka, maganarka ta tsallakewa akwai ta. Ina zaune ina kallon yatsun direbobi. Da yawa ina buɗe baki suke danne ni. Mujahid ma ya ce a da jerin ya fi daɗin tuƙi, na ce to ya tuƙa uwarsa. Amma wasu na bari. Yara ’yan ga-ruwa sun haddace kirarin Badaru suna yi wa juna, an kuma ce wasu sun ciro shi shi kaɗai suna tura wa juna a waya. Wannan ya ishe ni.

Ka zo salla. Ka zo da yarinyar, ina da ’yar tunkiya da na ajiye mata.

Kakanka,
Ummaru Sanƙira

Magama, Jibiya
Kaka

Mudathir,

Ina gaishe ka. Ina fata kowa lafiya. Ni jiki ga shi nan, tuwo ba ya wucewa sai kunu.

Shekaranjiya da hantsi Hajjo ta zo inda nake zama. Ba ka san ta ba, matar marigayi Badaru ce, uwar Zunnuraini. Ita ke dama mana fura in mun je gayyarsu. Da kyar na gane ta. Ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Mutanen daji sun kira Zunnuraini a waya. Ba su yi dogon bayani ba, kirarin nan suka sa masa ya ji, da muryata, tun daga bayan rafi har magajin garke. Suka ce tunda shanun gidansu sun hana rijiya hutu, ya shirya masu rabonsu, in ba haka ba sun san hanya, waƙa ta kwatanta masu. Ya rantse masu shanun sun ƙare tun ubansa na da rai, rumbunan sun rushe, jaki ɗaya gare shi. Suka ce maroƙi ba ya kirarin abin da bai gani ba. Yanzu ya kwashe iyalinsa sun baro Gidan Tsamiya, suna raɓe a zauren wani a Jibiya. Geronsa ya nuna yana tsaye a gona, ba mai zuwa yanka.

Hajjo ba ta zage ni ba, da ta zaga da ya fi mani sauƙi. Cewa ta yi ta san lokacin da na yi kirarin, ranar mijinta bai taka ƙasa ba don daɗi, har rigar jikinsa ya tuɓe ya ba ni. Ta ce amma yanzu wanda aka ce yana da shi ya shiga uku, ta roƙe ni don Allah in sa a rufe bakin wayar.

Da ta tafi na sa mai shayi ya bi mani jerin daga farko. Ba Badaru kaɗai ba ne. Kowace wutsiya akwai sunan mutum, da garinsu, da abin da ya tara, da sunan ɗansa. Aikina ke nan, kuma na iya shi, ban taɓa kuskuren unguwa ba. Iyayen sun mutu, ’ya’yan na nan a ƙauyukan da ko soja ba ya kwana.

Kar ka ɗauka na ce kana da gaskiya. Ba ka da ita. Waƙar noma tsayawa take, kuma wanda ya haɗe ta ya ɓata ta, a kan haka zan mutu. Kai ma da ka haɗe ta ba don ka ceci kowa ka yi ba, don direbobi ka yi. Lokaci ne ya lalace har yabo ya koma tsegumi, ba ni na lalata shi ba.

Ga abin da za ka yi, yau ba gobe ba. Ka koma kan layin nan ka ja shi har ƙarshe, sakan goma sha biyun duka, a kowace waƙa. Inda kirarin ya fi haka tsawo, kuma da yawa sun fi, ka sa almakashinka ka yanke. Ka saurara da kunnenka, kar suna ko ɗaya ya leƙo ta ƙarƙashin ganga. Bakin waƙar ma haka, don can ma na faɗi gonar wa muka zo. Malam Faruk ya ce wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa, kuma wanda ya iya zai iya nemo waƙar ita kaɗai ba ta cikin jerinka ba, don haka waɗancan ma ka sauke su ka sa yankakku. Na san ba zai mayar da Zunnuraini gonarsa ba. A dai tsare na gaba.

Kasakasan kar ka dawo mani da su, kuma kar ka ba kowa. In yarinyar ta girma, in ƙasa ta zauna, ka sa mata ɗaya a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ban sa rai ba.

In ka gama kar ka wahalar da kanka aiko mani labari. Kullum ina tasha, zan ji da kaina.

Ka gaida Ilham. Ubanka ma ka gaishe shi.

Kakanka,
Ummaru