Albashin Hafizu Biyu

Tudun Wada

Zuwa ga Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara, da fatan ɗalibanki ba sa wahalar da ke.

Yaya, ƙaninki ya shiga uku, amma kada ki yi dariya. Tun bayan girbi albashina a injin casar shinkafa ya ƙaru, ba wanda ya ce da ni komai. Na ɗauka Alhaji Rufa'i mai injin ne ya ga ƙoƙarina. Har zabi na kai masa gida na yi ta godiya, shi kuma yana ta cewa ba komai, ashe ya zaci godiyar shaddar da ya ba ni da Sallah nake yi. Na saya wa uwargida Mubaraka keken ɗinki, na kuma soma sa nama a miya.

Jiya aka kira ni ofis. Wai akawu ya haɗa sunana da na Hafizu makaniki, wata biyar ana ba ni albashinsa ana ba shi nawa. Alhaji ya ce ba zan ga ko sisi ba sai ya cire kuɗinsa duka. Mubaraka ta rungume kekenta ta ce sai dai a sayar da su tare. Me kika gani?

Ƙaninki,
Hafizu

Bebeji

Hafizu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Na yi dariyar, har maigida ya leƙo ya ga ko lafiya. Mutum ya ga kuɗi sun ƙaru bai tambaya ba, sai ya tafi kasuwar zabi!

Na kai maganarka wurin maƙwabciyarmu Aisha Humaira, lauya ce. Ta ce dokar ƙwadago ta yarda mai ba da aiki ya karɓi abin da ya biya bisa kuskure, amma na wata uku kafin a gano kuskuren kawai zai cira daga albashi, kuma ba zai yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku a wata ba. Saboda haka riƙe maka albashi gaba ɗaya ba daidai ba ne.

Wannan maganar lauya ce. Tawa kuwa ita ce, na wata biyun da doka ta hana shi cira ma ba guminka ba ne. Kuma kada ka je kana ɗaga masa murya da doka. Ka nemi dattijo ya raka ka, ka tsuguna ka gaishe shi tukuna. Ke kuma Mubaraka, ki gaida keke.

Yayarki kuma yayarka,
Furera

Tudun Wada

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na bi shawararki, na tafi da Malam Inuwa limamin unguwarmu. Da na ambaci doka sai Alhaji ya ɗaure fuska ya tambaya wa ya koya mini. Na ce yayata. Ya ɗauki waya ya kira nasa lauyan a gabanmu, ya daɗe yana saurare yana cewa to, to. Da ya ajiye sai ya ce ashe yayar tawa ba ta wasa, za a riƙa cire kashi ɗaya cikin uku.

Nan na ce masa na wata biyun ma zan biya a hankali, tunda ba haƙƙina ba ne. Malam ya gyaɗa kai. Alhaji ya dube ni ya ce, "Bar su. Na ci zabinka ban san na mene ne ba, yanzu na sani."

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne makanikin. Aka kira shi aka tambaye shi me ya sa bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ɗauka hukunci ne, domin ya taɓa ƙona wata motar lantarki mai juya injin ya gyara a ɓoye. Alhaji bai ma san an yi ba. Dariya ta hana shi faɗa, ya sa a biya shi cikonsa a dunƙule.

Keke yana nan, ana ɗinki. Miya ce dai ta koma yadda kika san ta.

Naki,
Hafizu

Tudun Wada

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban Bebeji yana jira. Makaniki ya kai sadaki Riruwai da kuɗin cikonsa. Ya ce shekaru yana neman tara kuɗin aure suna zubewa, sai da Allah ya haɗa shi da ni na zama asusunsa. Ni ne babban abokin ango. Ku shirya ke da lauyarki, ya ce ba a ɗaurawa sai kun zo.

Hafizu