Ranar Asabar Zan Goga Biyola, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ga labarin da na daɗe ina ɓoye maka, shekara shida ke nan da rasuwarka.

Baba, na koyi kiɗa. Sunan abin biyola. Kamar gogenka take, sai dai tsirkiyarta huɗu, a kafaɗa ake ɗora ta, muryarta kuma ƙasa-ƙasa ce kamar ta dattijuwa. A wani shagon tsofaffin kaya na gan ta a unguwar Karama, nan Dubai, na ɗauka, na kasa ajiyewa.

Ba a cika goga ta ita kaɗai ba. Abokiyar kiɗana Marisol ce, 'yar Filifin, tare muke aikin jinya. Ita ke kan fiyano. Duk ranar hutu muna haɗuwa a ɗakinta a unguwar Al Nahda. Wata takwas muna fama da kiɗa guda na mutum biyu. Akwai wurin da fiyano ke yin shiru, a bar ni ni kaɗai, nan hannuna ke rawa kullum. Sai ta ce, "Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, Safiya, ina jiranki." Yanzu numfashinta kawai nake ji in san lokacin shigata.

Na tuna ranar da ka daina kiɗa. An hana Yaya Sanusi auren yarinyar da yake so, wai shi ɗan makaɗi ne. Ka naɗe gogen a tsohuwar riga, ka ba Inna ta kai ƙauye. Ka ce, "Daga kaina an gama." Ka koma sayar da goro a bakin tasha.

Amma na gan ka, Baba. A bikin sunan ɗan Anti Rabi, da makaɗa suka fara, yatsunka na hagu suka riƙa tafiya a kan gwiwarka. Da ka lura ina kallo, sai ka cusa hannun cikin aljihu.

Ranar Asabar za mu yi wasa a wani ƙaramin zaure, gaban jama'a karon farko. Yaya yana nan Dubai, ya zo lodin kwantena. Wani abokin cinikinsa ya nuna masa sanarwar da hotona a waya. Ya same ni har bakin asibiti, ransa a ɓace. Ya ce, "Khalas, ya isa haka, ki janye. Abin da Baba ya binne saboda mu za ki tono?"

Ban yi masa musu ba, don shi ya sha ciwon abin. Na dai ce ba zan janye ba, na miƙa masa katin gayyata. Bai ce zai zo ba, amma bai mayar mini da katin ba.

Ka gafarce ni in na saɓa maka. Ka yi abin da ka ga zai kare mu, na gode. Amma ban taɓa jin kunyarka ba, ko sau ɗaya. Jiya masu shirya taron suka tambayi sunan da za a buga a takardar da za a raba a zauren. Na rubuta musu Safiya Audu Mai Goge. Suka ce ya yi tsawo, na ce a bar shi haka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya sanyaya zuciyar Yaya, ni kuma Ya tsayar mini da hannu.

'Yarka,
Safiya