Baƙon da Ba a Tambayi Sunansa Ba

Zuwa ga Yaya Ramiz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Yaya Lumnie da yara. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kuma kwantar muku da hankali bayan abin da ya auku a garinku can ƙasar waje. Mu nan jiki lafiya. An sauko da tumaki daga tudu tun makon jiya don sanyi ya shigo da wuri, Goggo Nurie kuma tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu Halit direba, ni da ko saƙon waya nake ƙyuyar rubutawa. Maganar ce ba ta waya ba. Yaya, Baba yana tsare a hannun hukuma a birnin Kukës, yau kwana shida.

Bari in ɗauko maka daga farko. Ranar da aka tayar da bam a tashar jirgin ƙasan garinku, a tsaye muka wuni gaban talabijin, na yi ta kiranka har ka ɗauka. Baba ya yi wa mamatan addu'a, ya tsine wa waɗanda suka aikata. Bayan kwana tara, da la'asar, wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kira yadda ake yi, wai mai gida yana karɓar baƙi? Siriri ne, bai kai arba'in ba, yana jin yarenmu amma harshensa bai kwanta ba, takalmansa sun jiƙe sharkaf. Ka san Baba. Ya karɓi jakarsa, ya zaunar da shi kusa da murhu a ɗakin baƙi, ya ce in kawo gahawa da burodi da gishiri da cuku. Ka kuma san dokarsa tun ta kakanni: ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi sai ya cika kwana uku. Wannan kwana biyu ya yi. Da safen na uku Baba ya ɗauki sandarsa ya raka shi ta hanyar makiyaya har mashigar dutsen da ke bakin iyaka, kamar yadda yake raka kowa zuwa ƙarshen ƙasarmu. Ni na wanke masa safa da hannuna, na shanya a kan murhu.

Mako guda bayan tafiyarsa muka ga hotonsa a labarai, cikin mutum uku da ake nema. Baba ya zuba wa hoton ido har aka cire shi. Daga nan abubuwa suka taho a guje. Ƙasashe suka yi taro suka ce duk wanda ya ba waɗannan mutane mafaka, da shi da su ɗaya ne. Aka ba gwamnatinmu wa'adin mako biyu ta fito da waɗanda suka taimaka masa, in ba haka ba a sa mana takunkumi a rufe iyaka. Tun yanzu ma an dakatar da biza, 'yar Kawu Halit da ta sami aikin jinya a waje ta kwance jakarta tana kuka. Sunan ƙauyenmu ya shiga bakin mutanen da ko faɗinsa daidai ba su iya ba. Goggo Nurie ta ce shekara talatin muna roƙo a gyara mana hanya ba wanda ya san da mu, yanzu ga baƙaƙen motoci shida sun gane ta ba tare da an nuna musu ba.

Jami'ai ne daga Tirana, babban birninmu, tare da wata mata daga ofishin jakadancin ƙasar da kake, da tafintanta. Baba ya shigar da su ɗakin baƙi, ya ce in kawo gahawa, su ma bai tambayi sunansu ba. Bai ɓoye musu komai ba: abin da mutumin ya ci, inda ya kwana, hanyar da suka bi, da lokacin da suka rabu. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jaka ta jera hotunan waɗanda suka mutu a kan tabarmarmu, har da wata yarinya mai wawulo da jakar makaranta a bayanta. Yaya, Baba ya yi kuka, abin da ban gani ba ko ranar da muka binne Inna. Sai ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta: duk gidajen da ke duwatsun nan, me ya sa ƙofar nan ya ƙwanƙwasa, wa ya turo shi? Baba ya ce shi ba ya tambayar baƙo. Babban jami'in ya ce, tsoho, ba abin da ka tambaya ake nema ba, abin da ya faɗa maka da kansa ake nema. Baba ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Da shirun nan suka tafi da shi.

Gari ya rabu biyu. Tsofaffi a shagon gahawa suna cewa namiji ke nan, ya riƙe besa, amanar baƙo da ba a ci. Matasan da aka hana wa biza kuwa ko gaisuwata sun daina amsawa. Lauya ya ce min in Baba ya faɗi sunan wanda ya turo baƙon, ranar zai kwana a gida, don ba wanda ke son tsoho mai shekara saba'in da huɗu a kurkuku saboda ya ba baƙo burodi. In ya ƙi, za a gurfanar da shi a matsayin mai ɓoye 'yan ta'adda, kuma ana maganar miƙa shi can wajenku. Saura kwana shida wa'adin ya cika. Ba zan ɓoye maka ba, haushin Baba na ji ƙwarai. Wace amana ce tsakaninmu da mai kashe yara?

Jiya aka bar ni na gan shi. Ya rame, an karɓe sandarsa da hularsa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba, na ce taurin kansa zai kashe mu duka. Ya bari sai da mai gadi ya matsa bakin ƙofa, sannan ya ce in rage murya, ke ma kin zama Goggonki. Ya ce shi ba amanar wancan yake riƙewa ba, ta ƙare tun da ya ga hotunan nan. A rana ta biyu suna garken tumaki, mutumin ya ce masa Ramiz yana gaishe ka. Wai kai ka ba shi labarin gidan da ba a rufe ƙofarsa, ka kwatanta masa hanya, har da sunan karenmu ya sani. Baba ya ce shi ya gama rayuwarsa, kai kuwa kana da yara uku, kada in kuskura in gaya maka. Ga shi kuma ina gaya maka.

Yaya, na san halinka. Ba ka iya cin abincin rana a wurin gini ba tare da ka cika abokan aiki da labarin gidanmu da karamcin Baba ba. Ina gaya wa kaina iyakarta ke nan, wani ya zauna kusa da kai ya saurara, ya riƙe. In haka ne, don Allah ka tashi ranar da takardar nan ta iso ka je wurin hukuma da ƙafarka ka faɗa musu. Na san za ka iya rasa aiki, wataƙila har takardun zama, kuma za su daɗe suna juya ka. Amma Baba ba zai kai bazara a ɗakin can ba. Ɗayan tunanin kuwa, wato in ba suɓutar baki ba ce, hannuna ya ƙi rubuta shi, kuma ya hana ni cin abinci tun jiya.

Ka gaida Yaya Lumnie, ka shafa min kan Arbnor da Dafina da autarku. Goggo Nurie tana gaishe ku, ba ta san komai ba. Kawu Halit ma bai san abin da ya ɗauko ba, zai juyo ranar Laraba. Ka ba shi ko layi ɗaya ne. In ya dawo hannu wofi, zan ɗauka ka ba ni amsa.

Ƙanwarka,
Selvie